Askin Itatuwan Garka: Kowane Icce da Nasa Lokaci

Wannan jawabi ne domin masu garka da ƴan makarantun yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu ya karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna.



Maganar yau bisa askin icce take. Askin icce shi ne a rage masa rassa da gangan, domin ya yi ƙarfi, ya ba da ɗiya masu kyau. Aiki ne na safiya ɗaya ko biyu cikin shekara. Amma cikin safiyar nan mutum yana iya ƙara amfanin garkarsa, yana kuma iya ɓata wahalar shekara biyar.

Masu garka iri biyu ne suke asara. Na farko ba ya taɓa iccensa. Ya dasa, ya yi ban-ruwa, ya sa taki, amma yana tsoron yanke reshe ko ɗaya. Cewa yake yi kowane reshe kuɗi ne. Sai icce ya yi duhu, rassa su sarƙe, rana ba ta shiga ciki, ɗiya su fito ƙanana. Na biyu kuwa ba ya ɗaukar gatari sai ran da awaki suka rasa abinci, ko shinge ya ɓalle. Ya sari inda hannunsa ya kai, ya bar ɓawo a yage. Daga nan gara da ciwo suke samun ƙofa.

Tambaya ɗaya ce take fid da mutum daga asarar nan. Kafin ya sa ma icce ƙarfe, ya tambayi kansa: ina iccen nan yake sa ɗiyansa? Bisa sabon toho ne, ko bisa tsohon reshe, ko can a bakin reshe? Wanda ya san amsar nan ya san abin da zai yanke, ya kuma san watan da zai yanke shi.

DARASI DAGA ICCEN SERIS

Akwai wani icce na ƙasashen sanyi wanda Faransawa suke ce ma ɗiyansa seris. Ɗiyan jajaye ne masu zaƙi, girmansu ya kusa na kanya. Kowane yana da ƙwallo ɗaya ciki, yana rataye da wani siririn ƙara. Turkiyya ta fi kowace ƙasa noman shi. Ana noman shi kuma a Amurka, da Shili, da Faransa.

Seris ba ya ɗiya a Nijar. Icce ne mai son barcin ɗari. Sai ganyensa ya zube, ya sha sanyi ƙasa da digiri 7, iri da yawa har awa 800 ko fiye, sannan ya yi fure in ɗari ya wuce. Sanyin Maraɗi ko na Damagaram bai kai haka ba. Saboda haka kada kowa ya ɓata kuɗinsa wajen sayen dashensa. An kawo labarinsa nan ne domin icce ne wanda ba ya yafe mugun aski, kuma manomansa sun koyi abubuwa uku da za su amfani mai garka ko'ina yake.

Abu na farko, wurin ɗiya. Seris mai zaƙi yana sa yawancin ɗiyansa bisa wasu gajerun ƴan rassa, ba su kai tsawon yatsa ba. Suna fitowa jikin reshen da ya yi shekara biyu ko fiye, kuma suna ba da ɗiya shekara da shekaru. In mai garka ya sare tsofaffin rassa duka, ya sare wurin ɗiya ke nan, sai ya jira shekara biyu ko uku. Shi ya sa askin babban seris kaɗan ne. A fid da busasshen reshe, da mai ciwo, da wanda ya gitta bisa ɗan'uwansa, a buɗe tsakiya rana ta shiga, a tsaya nan.

Amma akwai wani seris mai tsami. Shi yawancin ɗiyansa bisa tohon bara yake sa su. Reshen da ya riga ya ba da ɗiya yakan zama tsirara, sai ganye a baki. Don haka kowace shekara ana fid da wani kashi na rassan da suka gama ɗiya, kamar ɗaya cikin huɗu, domin sababbi su fito. Suna ɗaya, dangi ɗaya, amma askinsu ba ɗaya ba ne.

Abu na biyu, lokaci. A Ingila da arewacin Faransa, ɗari da ruwan sama tare suke zuwa. Lokacin nan iska tana ɗauke da irin wani ciwo mai shiga ta sabon rauni. In ya shiga, ganyen reshen ya koma fari-fari kamar azurfa, cikin iccen ya yi duhu, reshe ya mutu, wani lokaci icce duka. Saboda haka a can ba a yi ma babban seris aski cikin ɗari. Ana jira a gama ɗiban ɗiya, wajen wata na 7 ko na 8, ranar da gari ya bushe. Lokacin nan icce yana da ruwa a jiki, rauni yana rufewa da sauri.

Abu na uku, girman rauni. In an sare ma seris ƙaton reshe, wurin yakan yi ta zub da ƙaro, ya daɗe bai warke ba. Manomansa sun gane gara a gyara shi tun yana ƙarami, da ƙananan yanka, a tsai da tsawonsa inda hannu ko gajeren tsani zai kai. Gajeren icce ya fi sauƙin ɗiba, ana kuma iya rufe shi da raga saboda tsuntsaye. Hausawa sun riga sun faɗa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, wurin ɗiya, da lokaci, da girman rauni. Da su za a auna itatuwan garka na nan ƙasar.

MAGARYA MAI AURE

Kowa ya san magaryar daji. Yara suna tsintar ɗiyanta, mata suna daka su su yi akuri, awaki suna cin ganyenta, ƙayarta tana shinge. Akwai kuma magarya mai manyan ɗiya wadda aka inganta a ƙasar Indiya. Cikin irinta akwai Gola, da Seb, da Umran, da Kaitili. Ana yanko idonta ko ɗan reshenta a aura bisa gindin magaryar daji. Gindin yana jure fari, kan yana ba da ɗiya waɗanda suka ninka na daji girma wajen sau goma. Ita ce ake kira pom di Sahel a kasuwa. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki ƙwarai wajen yaɗa ta, musamman zamanin da Farfesa Dov Pasternak ya yi aiki can tun daga 2001.

Ina magarya take sa ɗiyanta? Bisa sabon tohon shekarar nan. Furen yana fitowa a gindin ganye, jikin reshen da ya fito bana. Tsohon reshe ba ya fure da kansa, sai dai ya fid da sabo. Nan ta saɓa da seris mai zaƙi. Shi ana jin tsoron sare shi, ita kuwa rashin sara ne yake cutarta. Magaryar da ta yi shekara biyu ko uku ba aski takan zama sarƙaƙƙiya. Sabon toho ya yi kaɗan, ya koma can bakin rassa. Ɗiya su ƙanƙance. Ƙaya ta hana a kai hannu tsakiya, ɗiyan da suka faɗi su ruɓe ciki, ƙudan da ke sa ma ɗiya tsutsa ya samu wurin haihuwa.

Askin magarya iri biyu ne: na tarbiyya da na kowace shekara.

Askin tarbiyya cikin shekara ta farko da ta biyu ake yin shi. Ga yadda yake:

1. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure, na daji ne. Ana gane shi da ƙananan ganye da yawan ƙaya. A cire shi da zaran an gan shi. In an bar shi, ya fi kan ƙarfi, zai shanye abincin, auren ya mutu, mai garka ya wayi gari da magaryar daji.

2. A kafa sanda kusa da dashe, a ɗaure shi da tsumma, ba da waya ba. Magarya mai aure tana son kwantawa ƙasa.

3. In ta kai wajen metir ɗaya, a yanke kanta. Rassa za su fito gefe.

4. A zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi, kowane ya dubi nasa gefe: gabas, yamma, kudu, arewa. Kada su fito daga gaɓa ɗaya, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu. Su ne ginshiƙan icce har tsufansa. Sauran a cire su, haka ma duk wanda bai kai tsawon gwiwa daga ƙasa ba.

Askin kowace shekara kuwa bayan an gama ɗiban ɗiya ne. Magarya tana fure wajen ƙarshen damana, ɗiya su nuna cikin ɗari. In zafi ya shigo sai ta huta, ganye ya rage. Lokacin hutun nan ne lokacin aski, wato wata na 4 zuwa na 5, kafin ruwan farko. Mai ban-ruwa ya tsai da ruwa ƴan makonni bayan ɗiba, ya bar ta ta huta, sannan ya yi aski.

A fara da busassun rassa da masu ciwo. A bi da waɗanda suka juya cikin icce, da waɗanda suke gogar juna, da masu jan ƙasa. Sannan a koma ga dogayen rassan da suka ba da ɗiya bana. A datse su, a bar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ginshiƙi, da idanu masu rai jikinsu. Daga idanun nan sabon toho zai fito.

Wanda bai saba ba, in ya ga magarya bayan aski, zai ce an kashe ta. Ba ta mutu ba. Da ruwa ya sauka, cikin ƴan makonni za ta rufe da kore. Toho yakan fito fiye da kima. Mai garka ya koma ya rage raunana, ya bar masu ƙarfi waɗanda suka dubi waje.

Wanda ya makara har ta yi fure, ya haƙura da babban aski sai baɗi. In ya sare ta cikin wata na 9 ko na 10, amfanin shekarar ne ya zubar ƙasa.

Bayan aski a zuba ruɓaɓɓen taki kewaye da ita, daidai inda inuwarta take tsayawa, kada ya taɓa gindi. A gyara shinge, domin akuya ba ta da abin da ta fi so kamar sabon tohon magarya. Mai aski ya sa riga mai dogon hannu, ya riƙe gwafa ta jan ƙaya, ya kiyaye idonsa. Kada yara su tsaya ƙarƙashi.

Wanda yake da magaryar daji cikin gonarsa, ba sai ya sayi dashe ba. Ana iya datse ta, a jira sabon toho, a aura mai manyan ɗiya bisa tohon. Saiwarta ta riga ta yi nisa, don haka tana saurin ba da amfani. Malamin gona yana nuna yadda ake auren.

MANGWARO

Mangwaro a bakin reshe yake fure. Kuma ba kowane baki ba, sai wanda ya ƙosa, ganyensa ya yi kore mai duhu, ya huta kafin sanyi. Furen yana fitowa cikin ɗari, ɗiya su nuna cikin bazara zuwa farkon damana. Abin lura biyu ne. Yawan bakin rassa shi ne yawan wurin ɗiya. Kuma reshen da aka yanke yana bukatar watanni kafin sabon tohonsa ya ƙosa.

Saboda haka askin mangwaro nan da nan ne bayan an ɗebe ɗiyan ƙarshe. In an yi shi lokacin, sabon toho zai samu damana duka da kaka ya ƙosa. In an bari sai wata na 10 ko na 11, sanyi zai tarad da toho ɗanye, sai icce ya yi ganye maimakon fure. Tun da ɗiban wasu iri, kamar Kent, yana kaiwa cikin damana, a zaɓi ranar da babu hadari, a yi aikin da safe, rana ta busar da raunin.

Ƙaramin mangwaro mai aure, in ya kai wajen metir ɗaya, a yanke kansa, a bar rassa uku ko huɗu. In su ma sun yi kamar kamu ɗaya da ɗan ƙari, a sake datse bakinsu, kowane ya rabu uku. Haka za a yi sau biyu ko uku. Icce zai yi faɗi, ba zai tafi sama ba. In ya yi fure cikin shekara ta farko ko ta biyu, a tsinke furen, ƙarfinsa ya tafi ga jiki.

Babban mangwaro askinsa da sauƙi ne, ba irin na magarya ba. A cire sandunan furen da suka bushe. A cire rassan da suka miƙe tsaye cikin tsakiya. A buɗe taga ɗaya ko biyu a sama domin rana da iska. A ɗage na ƙasa kada ɗiya su taɓa ƙasa. Kada abin da aka fid da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Tsawon metir 4 ko 5 ya isa. Mangwaron da ya wuce haka, sai da dogon gora ake kaɗo ɗiyansa, su faɗo su fashe, mai saye ya rage kuɗi.

A garkunan Gaya, da Mirya, da bakin gulbin Maraɗi akwai tsofaffin mangwarori da suka yi tsawo ƙwarai. Ana iya rage su, amma ba rana ɗaya ba. Wanda ya datse icce duka zai rasa ɗiya shekara ɗaya ko biyu. Gara ya rage gefe ɗaya bana, ɗaya gefen baɗi, gida bai rasa na kai kasuwa ba. Ɓawon da ya saba da inuwa, in ya fito fili, rana tana ƙona shi. A shafa masa farar ƙasa da aka dama da ruwa. A kuma kula da ruwan mangwaro, yana ƙona fata da ido.

LEMU DA GWABA

Lemu shi ne mai ƙaramin aski cikin duka. Yana son ganyensa, ganyen ne yake kare ɓawonsa daga rana. Abin cirewa kaɗan ne: tohon da ya fito ƙasa da wurin aure, da busassun rassa, da dogon toho mai ƙaya da ya miƙe tsaye cikin tsakiya, da rassan da suke taɓa ƙasa. A yi shi bayan ɗiba, ba cikin tsananin zafi ba. In an ga ƙaro yana fita a gindin lemu, sau da yawa ruwa ne yake kwana jikinsa. A yi masa ɗan tudu kewaye da gindi, ruwan ban-ruwa ya tsaya nesa kaɗan.

Gwaba kuwa halinta ya yi kusa da na magarya, bisa sabon toho take fure. Bayan ɗiba a datse bakin rassanta, a rage na tsakiya. Amma ba a kai ta ƙasa kamar magarya.

YADDA AKE YANKA

Sanin lokaci ba ya isa in hannu bai iya yanka ba. Manoman jihar Maraɗi suna da masaniya nan. Tun 1983 aka fara sassaben zamani a yankin, tare da wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo. Manomi yana zaɓen toho masu ƙarfi bisa kututture, ya cire sauran, ya rage rassan ƙasa. Da wannan dabara itatuwa suka komo bisa eka mai yawa, wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Cikin abin da aka koya akwai wannan: ƙarfe mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama, domin kada ɓawo ya yage. Dokar nan ita ce a garka.

Kayan aiki su ne almakashin icce domin ƙananan rassa, da zarto domin manya. Wanda ba shi da su ya wasa wuƙa ko adda ƙwarai. Ƴan ƙungiyar garka suna iya haɗa kuɗi su sayi almakashi ɗaya da zarto ɗaya, su yi ta karɓa-karɓa. Gatari na faskare ne, ba na askin icce mai ɗiya ba.

Ƙaramin reshe, a yanke shi sama kaɗan da ido, kamar rabin faɗin yatsa. A zaɓi idon da ya dubi waje, domin inda ido ya duba nan toho zai nufa. A karkata yankan kada ruwa ya kwanta bisa.

Babban reshe sau uku ake yankan shi. Na farko daga ƙasa, wajen taƙi ɗaya da rabi daga jikin icce, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshe ya faɗi. Yankan ƙasa shi ne yake hana nauyin reshe ya ja ɓawo ya yage har gindi. Na uku shi ne a cire guntun da ya saura.

Wurin yanka na uku shi ne mafi muhimmanci. Inda reshe ya haɗu da jikin icce akwai wani ɗan kumburi kamar wuya. Daga wuyan nan icce yake fid da sabon nama ya rufe rauni. A yanke dab da shi, amma a bar shi. In an shafe shi daidai da jiki, rauni ya yi faɗi, ya ƙi rufewa. In an bar dogon gungume, ya bushe, ya ruɓe, gara ta bi shi har cikin icce.

Ciwo yana bin ƙarfe daga icce zuwa icce. Kafin a wuce ga wani icce, a tsoma ƙarfe cikin ruwan jabel: awo ɗaya na jabel, awo tara na ruwa. In an gama aiki a wanke, a busar, a shafa mai saboda tsatsa. A fara da itatuwa masu lafiya, a ƙare da marasa lafiya.

Wasu suna shafa baƙin man mota bisa rauni, ko laka, ko kashin shanu. Kada a yi. Man mota yana kashe naman da zai rufe wurin. Laka da kashi suna riƙe danshi, ciwo kuwa danshi yake so. Yanka mai kyau cikin busasshiyar rana, icce da kansa yake rufe shi.

KAUCI DA RASSAN DA AKA YANKE

Lokacin aski ne lokacin neman kauci. Tsuntsaye suke kawo irinsa, ya manne jikin reshe, ya shiga ciki yana shan ruwan icce. Tsinke ganyensa ba ya kashe shi. Sai a yanke reshen da yake bisa, wajen taƙi ɗaya ko biyu bayan wurin da ya kumbura, ta gefen gindi. A yi haka kafin kaucin ya yi ɗiya.

Rassan da aka yanke ba shara ba ne. Ganyen magarya na awaki da tumaki ne. Ƙayarta ta toshe shinge. Manyan rassa su bushe su shiga murhu, mata su huta da tafiya daji kwana biyu. Amma reshe mai ciwo ko mai tsutsa ciki, a fid da shi daga garka a ƙone. Ɗiyan da suka faɗi suka ruɓe, a tattara su a bizne cikin rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, domin tsutsar ƙuda kada ta fito.

TAMBAYOYIN DA AKE YAWAN YI

In an rage rassa, ba a rage ɗiya ba? Ga magarya da gwaba, aski ne yake kawo tohon da zai yi ɗiya. Ga mangwaro, lissafin ɗiya yana iya raguwa kaɗan shekarar farko. Amma waɗanda suka samu rana sun fi launi, sun fi lafiya, kuma su mai saye yake fara ɗauka.

Mace tana iya askin icce? Tana iyawa sarai. Garkunan ƙungiyoyin mata da yawa suna da magarya mai aure. Iccen da aka yi ma tarbiyya tun yana ƙarami ba ya bukatar hawa, almakashi da gwafa sun isa.

In mutum yana shakka fa? Ya fara da icce ɗaya ko biyu, ya bar na kusa da su yadda suke. Lokacin ɗiba ya auna na kowane da tiya ko da kilo, ya rubuta cikin littafinsa. Wanda ya koyi rubutu da lissafi, ga wurin amfaninsu. Baɗi littafin ne zai gaya masa abin da zai yi.

Gawo da sauran itatuwan gona fa? Wasunsu doka tana kare su. Kafin a sare babban reshe ko icce, a nemi shawarar ma'aikacin gandun daji.

ABIN RIƘEWA

Magarya mai aure: aski mai yawa, wata na 4 zuwa na 5, kafin ruwan farko.
Mangwaro: aski kaɗan, nan da nan bayan ɗiban ƙarshe.
Lemu: a cire tohon gindi da busassun rassa kawai.
Gwaba: a datse baki bayan ɗiba.
Tohon da ya fito ƙasa da wurin aure: a cire shi kowane wata, ba jira.

Kafin lokacin ya zo, kowane mai garka ya zaga itatuwansa, ya dubi inda ɗiyan bana suka fito, ya ɗaura tsumma bisa rassan da zai cire. Ya wasa ƙarfensa tun da wuri. Wanda bai gane wani abu ba ya tafi wurin malamin gona na karkararsa, ko ya roƙe shi ya zo ya yi aski ɗaya gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa.